Yadda Ake Gina Siffar Siminti ta Sararren Itace da Fasassun Tukwanen Rini

Duk wanda ya taɓa shiga kurmin Osun da ke gefen garin Osogbo ya ga abin da siminti ke iya yi idan ya samu hannu. Daji ne mai faɗin hekta 75, kogi na ratsa shi, birai na tsalle a saman kanka, ga manyan siffofin siminti sun murɗe kamar saiwar itace. Wata 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, wadda Yarbawa ke kira Adunni Olorisha, ita da magina da masassaƙan garin suka gina su, cikinsu har da Adebisi Akanji wanda asalinsa birkila ne irinmu. Kafin aikinsu dajin ya kama hanyar tafiya: an sare wani sashe an dasa itacen katako, mafarauta da masunta sun fara kutsawa, gara ta ci wuraren ibadar. Siffofin suka dawo da idon jama'a kan wurin. A 1965 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2005 kuma UNESCO ta sa shi cikin na duniya.

Dabarar ginin nasu, wato rodi da raga da yaɓen siminti, ita nake aiki da ita shekaru da dama a harabar makarantu da wuraren shaƙatawa. Abin da zan koya maka a nan shi ne siffa guda: kututture mai tsayin mita 1.2, gungumen da aka sare daga kansa mai tsawon mita 4 yana kwance, da tukwanen rini 5, biyu daga ciki a fashe.

Kayan aiki

Siminti buhu 22 zuwa 25. Yashi mai kaifi, wankakke, da tsakuwar kankare. Rodi mai kaurin milimita 12 guda 6, da mai milimita 8 guda 10. Ragar kaji wadda za ta rufe murabba'in mita 90, domin ninki uku za ka yi mata. Wayar ɗaure rodi, ka saya da yawa, kullum ita ke fara ƙarewa. Hodar kala ta siminti, ja da ruwan ɗorawa da baƙa. Fasassun tayil masu launin shuɗi. Guntun bututun roba.

Na hannu kuwa: shebur, diga, baro, kwanon sarki, cokalin gini babba da ƙarami, rariyar yashi, zarton ƙarfe, filaya, almakashin yanka raga, tef na awo, igiya da fegi, soso, buroshin waya, tsohon cokali mai yatsu, buhunan algarara, leda, da tamfol. Safar hannu ta roba mai kauri dole ce. Siminti na cin fata, ragar kaji kuma na yanka, in suka haɗu a yatsa guda sai ka yi mako ba ka cin tuwo da hannun.

Mutane: kai da lebura 2, da mai walda na kwana guda. In babu mai walda ko babu wuta, ɗauri da waya ya isa, muddin rodi ya hau kan ɗan'uwansa da tsawon santimita 50 a kowace mahaɗa.

1. Nemo labarin daga bakin masu shi

Almarar da siffar nan ta dogara a kai ta kafuwar Osogbo ce. Ana ba da ita ta fuskoki daban-daban, amma gangar jikinta ɗaya ce. Ƙarancin ruwa ya taso wani sarki Larooye da wani mafarauci Olutimehin da jama'arsu daga garin Ipole-Omu, suka sauka a bakin kogi. Suna cikin sharar wuri sai suka sare wani itace, ya faɗa cikin ruwa. Sai murya ta tashi daga kogin tana kuka, wai sun farfasa mata tukwanenta na baban rini gaba ɗaya. A wurin Yarbawa muryar Osun ce, uwar kogin. Aka yi sulhu: su matsa da gari gaba, su bar mata dajinta, ita kuma ta kare su. Bikin da ake yi duk watan Agusta sabunta alkawarin nan ne, kuma har yau an hana sara da farauta da kamun kifi a cikin kurmin.

Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ji zafin wannan kuka. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano ya san kwanakin da baba ke ɗauka kafin ya nuna. Bambancin kawai, mu maza ke rini a rami, su kuwa mata ke yi a manyan tukwanen ƙasa, kuma Osogbo ta yi suna a kan rini tun da.

Ka zauna da dattawan Yarbawan wurin da za ka yi aikin, ka nuna musu zanenka. Labarin nasu ne, ga wasunsu ma addini ne. Kuma kada ka yi tunanin gini a cikin kurmin kansa: yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ga fadar Ataoja, sarkin garin, ga masu ibadar wurin.

Na san tambayar da ke ranka: ko addini ya yarda a gina irin wannan siffa. Da yawanmu ba ma yin surar abu mai rai, ni ma ba na yi. Shi ya sa na zaɓi wannan gaɓa ta labarin, wadda ba ta bukatar fuska ko jiki. An ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane cewa in ya zama dole ya yi, to ya yi itace da abin da ba shi da rai. Abin tunatarwa kake ginawa, kuma ka faɗa wa masu wurin haka tun farko, kada gobe a mayar da shi wurin ajiye hadaya a ce kai ka jawo.

2. Wuri da izini

Ka samu izini a rubuce daga mai filin, makaranta ce ko ƙaramar hukuma. Izinin baki yana tafiya tare da wanda ya bayar ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Je ka duba filin bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka kauce masa. Ka nisanci gindin manyan itatuwa da aƙalla mita 4. Abin kunya ne ka datse saiwar itace mai rai don ka kafa siffar da ke kukan sare itace. A ƙasar kurmi, aikin ya fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In dole sai da damina, kafa rumfar tamfol tun ranar farko.

3. Samfuri

Gina ƙaramin samfuri da yumɓu, santimita 10 a madadin kowace mita. Ka zagaya shi, ka tsuguna ka kalle shi daga tsayin yaro. A nan za ka yanke yadda gungumen zai faɗi: gindinsa kusa da kututturen, kansa a kan tukwane biyun da suka fashe, sauran ukun a gefe, ɗaya ta ɗan karkace. Kada ka jera su kamar kayan ɗakin amarya. Wanda ya hango daga nesa ya kamata ya ji cewa yanzu abin ya faru.

Don siffar kututturen, je ka zauna a gindin tsohon rimi da takarda. Itatuwan kurmi da yawa haka gindinsu yake, da fuka-fukan saiwa masu faɗi da ke tokare su, sirara a sama, suna buɗewa a ƙasa, kuma babu biyu masu kama ɗaya. Biyar sun ishe ka.

4. Fandisho

Ka shata wurin da igiya da fegi. Ramin kututture mita 1.2 kowane gefe. Gungumen na bukatar ramuka 3 na santimita 50, a gindi da tsakiya da kai, domin ko da yake cikinsa fanko ne, nauyinsa zai haura kilo 600 kafin yara su hau. Tukwane kuma dakali guda mai kaurin santimita 12 ya ɗauke su. Zurfin ramuka santimita 50, ko ka ci gaba har ka wuce baƙar ƙasar sama ka taras da mai tauri. In ka ci karo da gidan gara, tone shi duka ka cike da jar ƙasa ka daɓe.

Kwaɓin kankare: buhu 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Lanƙwasa ƙarshen rodi mai milimita 12 kamar ƙugiya, ka dasa a ciki, sauran ya miƙe sama. Ka tabbata kankare mai kaurin santimita 5 ya raba ƙarfe da ƙasa ta kowane gefe. Bar shi kwana 3 kana ba shi ruwa.

5. Ƙwarangwal

Rodi mai kauri shi ne tsaye, siriri shi ne zobe. A gungume, shimfiɗa yankakken rodi 6 a tsawonsa, ka zagaye su da zobba masu faɗin santimita 60, tazarar santimita 30 tsakaninsu. Ka rage faɗin zobban kaɗan-kaɗan zuwa kai, ka karkatar da wasu, in ba haka ba kwalbati za ka gina. Fuka-fukan kututture kowanne da nasa rodin da ya taso daga fandisho. Tukunya kuwa zobba 5 ne, na tsakiya ya fi faɗi, tsayinta santimita 80 zuwa 90.

Tukunyar da ta fashe, a fashe za ka gina ta tun daga ƙarfe: rabin jiki a tsaye, manyan ɓarayi 2 ko 3 a ƙasa, kowanne ɗaure da rodin da ke cikin dakali. Wanda ya gina ta cikakkiya ya sa guduma daga baya, raga tsirara zai samu, kuma tsatsa daga nan take shiga.

Ka hau kan ƙwarangwal ɗin ka girgiza. In ya yi rawa, ƙara tokara yanzu. Yaɓe ba ya gyara ƙarfe mai rawa.

6. Raga

Nannaɗe da ragar kaji ninki uku, kowane ninki ka gicciya shi a kan na ƙasa don idanun su ƙanƙance. Ɗaure duk bayan taƙi guda, ka ja da filaya har ta yi tauri. Gwajina shi ne in danna da tafin hannu: in ta lotsa ta dawo, ɗaurin bai isa ba. Duk bakin waya ka murɗa shi ciki.

Inda raga ta yi ƙaranci, ninki biyu zai yi a jikin tukwane, amma ban da bayan gungume, inda ƙafa za ta riƙa taka. Inda hannu ba zai shiga ya tare yaɓe ta baya ba, cusa tsofaffin buhuna ko kwali a ciki su zama madogara, ka zare su ta ƙarshen gungumen kafin ka rufe. Kada ka cika cikin da ƙasa ka bar ta. Tana shan ruwa, tana riƙe danshi a jikin rodi, gara kuma ta samu gida.

Yanzu ne lokacin sa bututu. Kowace tukunya guntun bututu a ƙasan gindinta, gungumen kuma 3 a cikinsa ta ƙasa, a toshe bakinsu da raga saboda maciji. Na taɓa mantawa da wannan a wata makaranta. Damina ɗaya tukwanen suka zama gidan sauro, shugaban makarantar ya aiko a kira ni, na yini a durƙushe da kurfi ina huda abin da bututun naira kaɗan zai yi mini.

7. Yaɓen farko

Gwada yashinka tukuna. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri har kana ganinta ɓaro-ɓaro, wanke yashin ko ka sake wani. Tankaɗe shi da rariya.

Kwaɓi: buhu 1, kwanon sarki 5 na yashi, ruwa lita 20 zuwa 23, wato bai cika jarkar lita 25 ba. In yashin jiƙaƙƙe ne, rage. Dunƙula a hannu: ya kama kamar ƙullin fura, ba ya ɗiga. Leburori na son ƙara ruwa don cokali ya yi santsi, kuma ruwan nan shi ke zama tsaga bayan wata guda. Ka kwaɓa abin da za ku ƙare cikin minti 30 kawai. Wanda ya fara daskarewa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa.

Fara daga ƙasa. Da hannu mai safa za ka tura kwaɓin cikin idon raga, wani na tare maka ta baya inda zai yiwu, har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Manufar ita ce kada a bar iska a jikin ƙarfe. Kaurin wannan zubi kamar santimita 2. Kafin ya bushe, karce fuskar gaba ɗaya da cokali mai yatsu. In ka bar ta sumul, yaɓe na biyu zai ɓamɓare kamar ɓawon gyaɗa. Rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ka dawo bayan kwana 2.

Wankin kayan aiki a rami za a yi shi, wanda ka tona nesa da rafi da magudana. Ruwan siminti na kashe kifi.

8. Yaɓe na biyu, inda itacen ke fitowa

Wannan ne matakin da ba a gaggawa. Jiƙa yaɓen farko, shafa masa ruwan siminti mai kaurin koko da buroshi, ka ɗora sabon kwaɓi tun bai bushe ba. Wannan karon kwano 6 na yashi mai laushi a buhu 1, da hodar kala a ciki. Haɗa hodar da siminti a bushe har launi ya zama ɗaya, kilo 2 a buhu, kada ta wuce 5 domin tana raunana kwaɓi. Auna da gwangwani guda kullum, kuma ka gwada a kan bulo ka jira ya bushe, don launi ɗanye ya fi na busasshe duhu sosai. Kala a cikin kwaɓi ta fi fenti nesa ba kusa ba. Fenti a ƙasar danshi shekara biyu ya fara saɓulewa.

Kaurin duka ya kai santimita 4, kuma kowane rodi ya samu rufin santimita 2.5. Ka yi aiki yanki-yanki, abin da bai fi mita guda ba. Jira kamar minti 40, lokacin da yatsa ke barin alama amma ba ya nutsewa. A nan ake zana ɓawo. Ja gefen ƙaramin cokali a tsawon gungumen, layuka masu karyewa suna haɗuwa suna rabuwa, sannan ka bi da buroshin waya a hankali, ka daddanna jiƙaƙƙen soso don kashe kaifin. In ka samu ɓawon itacen da ya faɗi da kansa, jiƙa shi ka danna a jiki, zai ba ka zanen da hannu ba ya iyawa.

Fuskar sara ita ce zuciyar aikin. Saman kututturen da gindin gungumen ka yi su da kwaɓi mai haske, ruwan ɗorawa kaɗan, don su yi kama da ɗanyen itace. Sassare su da bakin cokali a karkace, sara kan sara, kamar cin gatari, ka bar ɗan tsiri a gefe guda inda itacen ya ƙarasa karyewa da kansa. Na lura mutane nan suke fara kai hannu. Ka ɗan karkatar da saman kututturen don ruwa ya gangara.

Tukwane da jar kala, a goge su da bayan cokali su yi sumul, a ɗan shafa baƙi a gindi. Bakin ɓarayi ka dakushe shi da soso saboda ƙafar yara.

Saura baban da ya zube. Nan na taɓa yin wauta: na zuba bular wanki a kwaɓi, ranar ya fito shuɗi shar, na koma gida ina jin kaina. Kafin wata biyu ya koma toka-toka, domin siminti na cinye irin wannan shuɗin. Abin da ke zama shi ne fasassun tayil. Shata malalar ruwan daga bakin fasassun tukwane zuwa gefen dakali, ka dasa gutsattsarin a ɗanyen kwaɓi, masu duhu kusa da tukunya, masu haske a bakin malala, ka danna su su yi daidai da fuskar dakalin. Masu sayar da tayil kan ba da fasassu a arha. In babu, fasassun faranti masu shuɗi ma sun yi, amma ban da kwalba.

9. Ban ruwa

Rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, leda a kai. Ruwa safe da yamma, kwana 7 mafi ƙaranci, ni 14 nake yi, musamman in iskar hunturu ta sauko. Siminti da ruwa yake ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafa masa. Ka kewaye wurin, ka sa wa mutum guda alhakin ban ruwan da sunansa. In ka ce kowa ya riƙa zubawa, babu mai zubawa.

Farin gishiri-gishiri zai iya fitowa a jiki. Goge shi da busasshen buroshi, yana dainawa.

10. Allo, dashe da kulawa

Allon bayani gajere: labarin cikin layi 4 ko 5, da Yarbanci da Turanci, da Hausa in wurin na kusa da Sabo, wato unguwar Hausawa. Dattawan da ka zauna da su a farko su duba rubutun kafin a kafa.

Sannan a dasa itatuwa masu rai a kewaye, irin na yankin, kamar loko. Nisa da fandisho mita 6 ko fiye, rimi kuwa mita 10, don saiwarsa na ɗaga kankare. Kowane dashe da kejinsa saboda awaki.

Gansakuka za ta hau siffar a damina ta biyu. Ni ina barin ta, tana ƙara masa kamar itace, sai dai a kan tayil da inda ake takawa. Abin da ba a bari shi ne tsiro a cikin tsaga, musamman dangin ɓaure da tsuntsaye ke kawo irinsu, domin saiwarsu na buɗe siminti. Ko siffofin kurmin Osun sai da aka sha yi musu gyara saboda ruwa da tsatsa. Duk ƙarshen damina ka zagaya, ka zura sanda a bututu, ka ƙwanƙwasa jiki da ƙotar cokali. Inda ka ji ƙarar fanko, ko ka ga jan ɗigo na gangarowa, rodi ne ya fara ci. Fasa wurin har ka wuce iyakar tsatsar, kankare ƙarfen da buroshin waya ya yi haske, shafa ruwan siminti, ka cike da kwaɓi irin na farko. Don wannan ranar ne za ka rubuta awon kalarka a littafi, ka kuma ajiye ragowar hodar a gwangwani mai murfi a wurin mai gadin filin.